WANKIN HANJI KAFIN A LEƘA SHI DA NA'URA

Darasi domin Hakimai da Malamansu na ƙasashen Ikara, Maƙarfi da Kudan

1. Dalilin wannan darasi

Sanin ku ne cewa talaka in ya karɓo takarda daga asibiti, ya rasa kanta, ba ya wuce ƙofar Dagaci ko zauren Malamin Hakimi. To, a cikin takardun da a ke kawo muku yanzu akwai wata wadda karatunta ke bukatar natsuwa ƙwarai, ita ce takardar shirin leƙen hanji. Mutum ya kan sayar da buhun masara ko kwandunan tumatir, ya taso daga Taba, ko Paki, ko Gimi, ya biya kuɗin mota da na magani da na aiki, ya kwanta gaban likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sa'an nan a ce masa ya tashi, hanjinsa bai wanku ba, ba a ga kome ba. Wannan hasara ce ta dukiya, wani lokaci kuma ta rai, gama da yawa in suka koma gida ba su sake dawowa sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Likitocin ƙasashen Turai da Amurka sun lissafa cewa a cikin mutum huɗu ko biyar da a ke yi wa wannan aiki, a kan sami ɗaya wanda wankinsa bai gamsar ba. Yawancin abin da ke jawo haka kuwa abu ne mai gyaruwa tun daga gida. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana muku al'amarin filla-filla, domin ku bayyana wa jama'a.

2. Mene ne leƙen hanji?

Babban hanji shi ne ƙarshen hanyar abinci a cikin mutum, tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi. Likita na da wata na'ura mai kama da siririyar tiyo, kaurinta kamar na yatsa, da fitila da kyamara a bakinta. A kan ba mutum allurar da za ta sa shi gyangyaɗi, a shigar da na'urar ta dubura, a bi hanjin tun daga ƙasa har tushensa a gefen dama na ciki, likita yana kallon bangon hanjin a allo. Sunan wannan aiki a bakin likitoci kolonoskofi.

Likitoci biyu ne na birnin New York suka shahara da buɗe wannan hanya a 1969, watau William Wolff da Hiromi Shinya, mutumin Japan. Su ne kuma suka nuna yadda za a zarga wa ɗan tsiron da ke jikin hanji siririyar waya a tsinke shi ba tare da an tsaga ciki ba. Amfanin wannan babba ne, domin yawancin ciwon daji na hanji daga irin wannan ɗan tsiro ya ke farawa, ya kan yi shekara goma ko fiye yana girma a ɓoye kafin ya rikiɗe. Wanda aka cire wa shi da wuri an tare masa cutar tun ba ta iso ba. Cutar kuwa ba ƙarama ba ce: a 2020 ta kama mutum fiye da miliyan 1.9 a duniya, ta kashe fiye da 900,000.

A ƙasarmu, wanda ya ga jini a bayan gida ya kan ce basir ne ko atuni, ya shiga shan saiwoyi wata da watanni. Sau da yawa basir ɗin ne, amma ba kullum ba. Jinin da ya ƙi tsayawa, da rama ba dalili, da ƙarancin jini, da sākewar yanayin bayan gida wadda ta daɗe, su ne kan sa likita ya ce sai an leƙa.

3. Yadda likita ke auna tsabtar hanji

Mai yāsar rijiya ba ya ganin tsagar da ke gindinta sai ya kwashe laka. Haka hanji ya ke. Ɗan tsiro wani bai fi ƙwayar dawa ba, wani kuma shimfiɗaɗɗe ne, ya yi lamɓas da bango, ɗan ragowar bayan gida ya isa ya rufe shi.

A 2009 likitocin birnin Boston na Amurka suka fito da ma'auni wanda asibitoci da yawa ke bi. Sun kasa hanji kashi uku: na dama, da na tsakiya, da na hagu. Kowane kashi a kan ba shi maki daga 0 zuwa 3. Maki 0 shi ne bayan gida mai tauri ya rufe bango, ba ya wankuwa. Maki 1, an ga wani wuri, wani wuri ba a gani ba. Maki 2, da ɗan ragowa kaɗan amma bango ya fito sarai. Maki 3 kuwa tas. Jimla 9 ke nan. Ba a cewa wanki ya yi sai kowane kashi ya sami aƙalla 2.

Abin lura a nan shi ne, leƙen da aka yi cikin datti ya fi rashin leƙe haɗari ta wata fuska, domin mutum ya kan tafi da zaton an duba shi lafiya lau, alhali akwai lungun da ido bai kai ba. Saboda haka Malami in ya karanta takardar sakamako, kada ya tsaya ga inda aka ce ba a ga ciwo ba, ya nemi wurin da aka faɗi yadda wankin ya kasance, da ranar da aka ce a komo.

4. Abubuwan da ke ɓata wanki

Na farko, rashin fahimtar umurni. Takardar da Turanci ta ke, mai ita bai iya ba, ko kuwa an yi masa bayani a gurguje yana cikin fargaba, kafin ya iso gida ya manta rabi.

Na biyu, rashin shanye magani. Maganin yana da yawa, yana da ɗan gishiri-gishiri, ba shi da daɗin sha. Mutum ya sha rabi, ya ga ciki ya tsinke, sai ya ce ai ya isa. Bai isa ba.

Na uku, kuskuren lokaci, da cin abin da aka hana. Za mu yi maganarsu a gaba.

Na huɗu, halin jikin mutum. Akwai waɗanda hanjinsu ke da nawa: mai yawan taurin bayan gida, da mai ciwon sukari, da tsoho tukuf, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da mai ciwon hanta da ya daɗe, da wanda aka taɓa yi wa aikin hanji, da wanda ke kwance a gadon asibiti. Irin waɗannan wankin kowa da kowa ba ya isarsu.

Na biyar, magunguna. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida ta sa shi danƙo, shi ya sa a kan ce a dakatar da ita kamar mako guda kafin rana. Tiramadol da kodin, da waɗansu magungunan damuwa, suna ɗaure ciki ƙwarai. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma wanda ya san yana shan ɗaya daga cikin waɗannan, ko da izinin likita ko babu, ya faɗa wa likitansa a asirce. Likita ba alƙali ba ne, so ya ke ya san yawan maganin wankin da zai rubuta.

5. Cima kafin ranar aiki

Abin da a ke gudu shi ne abinci mai dusa, da ɓawo, da ganye, da 'ya'ya, domin su ne ciki ba ya narkarwa duka, su kan maƙale a bangon hanji, ƙananan 'ya'ya kuma su toshe bakin na'ura. Ƙungiyar likitocin leƙen ciki ta Turai, a ƙa'idarta ta 2019, ta ce ga yawancin mutane kwana ɗaya na kiyaye cima ya isa. Wanda ke da taurin ciki, ko wanda wankinsa ya taɓa ɓaci, likita kan ƙara masa zuwa kwana biyu ko uku. Abin da likita ya rubuta shi za a bi.

Abin da za a bari: tuwon dawa, da na gero, da na masara; fura; wake da duk abin da aka yi da shi, kamar ƙosai, da alale, da ɗanwake; dambu da fate; zogale, da rama, da yakuwa, da kabeji; miyar kuka da ta kuɓewa; tumatir da barkono masu 'ya'ya; gwaba, da kankana, da dabino; gyaɗa, da aya, da riɗi; da goro.

Abin da za a ci: farar shinkafa, farin burodi, taliya, dafaffen ƙwai, kifi, naman kaza marar fata, dankalin Turawa da aka feƙe, da koko wanda aka tace da kyau.

Daga sa'ad da takarda ta ce a tsai da abinci, sai ruwa-ruwa wanda in an zuba shi a kofin gilashi a ke hango gindin kofin: ruwa, shayi ba madara, romo tatacce marar maiƙo, ruwan gishiri da sukari, lemon kwalba marar launi. Kunu da nono da madara ba su cikin wannan, ko da ya ke sha a ke yi. Zoɓo kuwa, da duk wani abin sha ja, a nisance shi, domin a cikin hanji ya kan yi kama da jini ya ruɗar da likita.

6. Raba magani kashi biyu

Wannan shi ne babin da ya fi kowane muhimmanci, muna roƙon Malamai su maimaita karanta shi.

Magungunan wankin iri-iri ne, kowane asibiti da wanda ya saba rubutawa. Wanda ya fi shahara gari ne da a ke kaɗawa a ruwa, likitoci na taƙaita sunansa da PEG, an fito da shi a Texas ta Amurka a 1980. Jiki ba ya tsotse shi, wucewa ya ke yi yana tura abin da ya tarar. Cikakken awonsa lita 4 ne, akwai kuma waɗansu na lita 2 waɗanda a ke bin su da ruwa mai yawa.

Dā a kan shanye duka da daddare. Daga baya aka gane cewa wannan ba ya wadatarwa, domin ƙaramin hanji ba ya barci, duk dare yana zubo majina da ruwan ɗaci cikin kashin dama na babban hanji. Kamar tsakar gida ce a lokacin hunturu: in an share ta da magariba kaɗai, kafin hantsi ƙura ta sake rufe ta. Saboda haka ƙungiyoyin likitocin Amurka a 2014, da ta Turai a 2019, duk suka tsaya a kan a raba maganin biyu, rabi da maraice, rabi da asubar ranar aiki. Rabin na biyu a fara shi awa 4 zuwa 6 kafin lokacin aiki, a gama shi aƙalla awa 2 kafin lokacin, daga nan kuma ba a ƙara haɗiyar kome.

Ga misali. A ce an ba wani manomi na Taba ƙarfe 10 na safiyar Talata, maganinsa kuma na lita 4 ne. Ledar ruwan sha ta kasuwa rabin lita ce, watau leda 8 ke nan duka. Ran Litinin daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 zai sha lita 2, awon rabin leda kowane minti 15. Ran Talata bayan ƙarfe 5 na asuba zai fara sauran lita 2, ya gama wajen ƙarfe 7, kada dai ya wuce 8. In zuciyarsa ta tashi, ya huta kamar rabin awa, sa'an nan ya ci gaba a hankali. Sanyaya maganin a randa ko firji yana rage wuyar shansa, zazzagawa a tsakar gida kuma tana taimakon hanji motsi.

To, a nan ne mutanenmu ke shiga matsala wadda mazauna birni ba su san ta ba, watau hanya. Wanda ya sha lita 2 da asuba ba shi iya zaman motar haya daga Ikara ko Hunƙuyi zuwa Shika. Don gudun kunya sai ya shanye duka tun dare, ko ya bar rabin na biyu. Maganin wannan shi ne ya tafi tun jajibiri, ya sauka wurin ɗan'uwa ko masauki a Zariya, ko Samaru, ko Shika, inda akwai makewayi kusa da ruwa wadatacce. In kwanan ba zai yiwu ba, ya gaya wa ma'aikatan asibiti tun ranar da a ke ba shi wa'adi, ya roƙa a duba ko za a sa shi da rana.

Alamar wanki ya yi ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garai, fatsi-fatsi kamar fitsari, ba gudaji, ba kauri. In har lokacin tafiya ya yi yana fita da duhu ko kauri, kada a ɓoye, a faɗa wa ma'aikaciyar jinya tun kafin a shiga ɗakin aiki.

7. Idan wanki bai yi ba

Ɓacin wanki ba ƙarshen magana ba ne, yana da gyara hawa-hawa.

In dattin kaɗan ne, likita kan fesa ruwa ta cikin na'urar ya zuƙe, har bango ya fito. In kumfa ce ta tare, akwai maganin kashe ta, sunansa simetikon, wani lokaci ma tun a cikin maganin wanki a ke haɗa shi.

In dattin ya fi ƙarfin haka, likita na iya dakatawa, a ƙara wa mutum magani ya sha nan take, ko a yi masa ɗurin ruwa ta dubura, a sake leƙawa da yammacin ranar ko kashegari. Wani gwaji da aka yi a Koriya ta Kudu ya nuna ƙarin na sha ya fi ɗurin wankewa. Wannan hanya ta fi sauƙi ga mutumin ƙauye, tun da ya riga ya sha rabin wahala, ya kuma riga ya biya kuɗin mota. Don haka mai tafiya ya riƙe guzurin kwana ɗaya na ƙari, kuma kada ya yi gaggawar cin tuwo da fitowarsa sai ya ji abin da likita ya yanke.

In ba a sami yi a kwana kusa ba, ƙa'ida ita ce a sake cikin shekara guda, kada a wuce. Wanda kuwa jini ko rama ta kai shi, ba ya jiran shekara, ya karɓi wa'adi mafi kusa. A karo na biyu ba a maimaita shirin farko yadda ya ke. Likita zai tambaya ya ji inda aka kuskure. In rashin bin umurni ne, sai a gyara bayani. In kuwa an bi umurni sarai amma hanji ya yi nawa, sai a ƙarfafa shiri. Likitocin ƙasar Sifen sun gwada wannan a 2017 ga waɗanda wankinsu ya taɓa ɓaci: kwana uku na kiyaye cima, da ƙwayar bisakodil, da cikakkiyar lita 4 rababbiya biyu, suka tarar ta fi ta lita 2 wankewa. Mai taurin ciki kuma a kan fara sassauta masa shi kwanaki kafin rana.

8. Gargaɗi

Kada kowa ya ƙara wa kansa magani, kada kuma ya musanya wanda aka rubuta da wani mai araha bisa shawarar mai kemis. Akwai wani maganin wanki mai suna sodiyam fosfet wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi mai ƙarfi a kansa a 2008 saboda ya lalata ƙodar waɗansu. Filasko, da kanwa, da jiƙe-jiƙen wankin ciki na gida ba su maye gurbin maganin asibiti, haɗa su da shi kuma na iya ƙarar da ruwan jiki.

Mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, da mace mai ciki, kowannensu ya kai wa likita dukan magungunansa ya gani, ya ji wanda zai sha da wanda zai dakatar. Mai sukari ya nemi wa'adin safe, domin yunwa tare da magani na iya kā da shi.

Wanda ya fara sha ya ga cikinsa na kumbura da ciwo mai tsanani ba ya fitar da kome, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiri na neman kā da shi, ko fitsari ya ɗauke, ya tsai da sha, a kai shi asibiti mafi kusa nan da nan.

Ba a haɗa wannan shiri da azumi, domin ruwa shi ne jigonsa. In wa'adi ya faɗo cikin Ramadan, a shawarci likita a kan ko jinkiri zai cutar, a kuma tambayi malamai hukuncin marar lafiya. Ranar aiki lalle a tafi da ɗan rakiya, gama wanda aka yi wa allurar gyangyaɗi ba ya tuƙa mota ko babur a wannan rana.

9. Aikin Hakimi da Malaminsa

A birnin Xi'an na ƙasar Sin an yi wani gwaji wanda aka buga a 2014. An kasa marasa lafiya biyu, duka an ba su takarda, amma kashi ɗaya an ƙara buga musu waya ana gobe aiki, aka maimaita musu bayani. Waɗanda aka buga wa waya, wajen 82 cikin 100 wankinsu ya yi, sauran kuwa wajen 70. Ba magani aka sāke ba, tuni kaɗai aka yi. Wannan kuwa aiki ne da Malamin Hakimi zai iya.

Saboda haka muna roƙon a kiyaye waɗannan:

(a) Malami ya karanta takardar duka, ya juya ta da Hausa, da boko ko da ajami, ya rubuta lokatai da sunan salla, kamar bayan la'asar ko bayan asuba, tare da ƙarfen agogo.

(b) A yi bayanin gaban wadda ke dafa wa mutumin abinci, domin ita ke riƙe da tukunya. In mace ce marar lafiyar, a nemi ma'aikaciyar lafiya ta mata ta yi mata.

(c) A sa mutumin ya maimaita da bakinsa abin da ya ji.

(d) Abin da ya shige wa Malami duhu kada ya cike da ka, a tambayi ma'aikacin lafiya na asibitin Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi, ko a buga lambar da ke jikin takardar. Matambayi ba ya ɓata.

(e) A tuna wa mutumin ana saura mako guda, saboda ƙwayar ƙarin jini, a kuma sake tuna masa ana gobe.

(f) Wanda aka ce ya komo, Dagaci ko Mai Unguwa ya bi sawunsa har ya koma. In kuɗi ne ya tsai da shi, a tara dangi a yi shawara.

(g) Ciwon mutum amana ne. Kada a karanta takardarsa a bainar fada.

Hakimai kuma, in an taru, su riƙa faɗa wa Dagatai da Limamai cewa babu abin kunya ga wannan aiki, kuma jinin da ya daɗe yana zuba a kai shi asibiti. Maganar da ta fito daga bakinku ta fi takarda dubu shiga kunnen talakawa.

10. Tambayoyi domin bita

(1) Kashi nawa a ke kasa hanji wajen ba da maki, kuma maki nawa kowane kashi ke bukata?
(2) Don me a ke raba maganin wanki biyu?
(3) An ba mutum ƙarfe 11 na safe. Yaushe zai fara rabin na biyu, yaushe kuma zai daina sha?
(4) Kawo abinci biyar na ƙasarmu da za a bari, da abin sha biyu da a ke zaton sun halatta alhali an hana.
(5) Mutum ya dawo ya ce an ce wankinsa bai yi ba. Wace shawara za ka ba shi?

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ja zamanin Sarki, amin.